Na'urar Garzali da Sunan Jaririya

Ku matso kusa, yau da rigima na zo muku.

An yi wani ma'aikacin lafiya a Tudun Kanya, Malam Garzali, mutumin kirki amma sarkin "sai gobe". Yana da 'yar na'ura kamar tafin hannu, a cikinta yake rubuta sunan duk wanda ya gwada wa jini a ƙauyuka, da irin jininsa. Ƙa'ida ita ce duk ranar kasuwa ya jona ta da kwamfutar asibiti, sabon abin da ke cikin wannan ya shiga waccan. Shi kuwa ya tsani zaman jiran nan.

Ana nan matarsa ta haifi 'ya mace, jini ya ɓalle mata. Likita ya ce irin jininta wuyar samu gare shi. Garzali yana tsallaken gulbi aka kira shi. Garin gaggawar shiga kwalekwale na'urar ta sulale daga aljihunsa, ruwa ya yi gaba da ita. Ya iso asibiti ya durƙushe yana kuka, don a ganinsa sunayen masu irin jinin sun tafi da na'urar, ya rantse a gaban jama'a cewa duk wadda ta ceci matarsa, jaririyar nan sunanta za ta ci.

Barira mai kula da kwamfuta ta ce, "Malam, tashi. Komai yana cikin kwamfuta." Ashe shekaranjiya da ya ce mata sai wani mako, har bakin gulbi ta bi shi, ta karɓe na'urar, ta koma ta jona, sannan ta mayar masa. Ranar don haushi ko godiya bai yi mata ba.

To amma babu wuta, injin asibiti kuma ya ƙi tashi. Tasalla mai sayar da ƙanƙara ta ji labari. Da rana tsaka ta kwance batirin solarta, ta ɗora a baro ta turo da gudu. Ƙanƙararta tana narkewa, ko waiwaye ba ta yi ba. Kwamfuta ta kama.

Da aka duba, suna ɗaya tak ya dace da irin jinin: Hansatu mai surfe ta Gidan Goje, kuma a makon nan aka rubuta ta. Baiwar Allahn nan tsoron allura gare ta kamar me. Ranar gwaji sai da mata biyu suka danne ta. Amma da babur ya je ɗaukarta, da dusa a hannu ta hau. Ta miƙa hannu, ta runtse ido, tana salati, har ledar jini ta cika.

Mai jego ta rayu. Ni dai duk ukun sun burge ni, ba zan ɓoye muku ba. Ranar suna ta zo, rago a ɗaure, liman ya miƙo kunne. Garzali ya dubi matan nan uku ɗaya bayan ɗaya, ga shi kuma jaririyar ɗaya ce.

To, ku raba mana gardama: tsakanin Barira da Tasalla da Hansatu, sunan wa ya kamata ya raɗa wa liman?