Ƙunshin Tumfafiya

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan yara.

Ta zo mu ji ta, Inna!

To, a gyara zama. Wai wasu 'yan'uwa ne mata su uku, uwa ɗaya ta haife su: Yaɗiya ce babba, sai Kariya, sai autarsu Tumfafiya. Duk wadda ka karya wa ganye a cikinsu farin ruwa za ka gani, irin na gidansu. Suna zaune a jikin danga, a tsakiyar unguwa, inda ake ba su ruwa ana gaishe su.

Kun dai san al'ada. In maƙwabci ya aiko da abinci, kwano ba ya komawa haka nan, sai an ɗan saka wani abu. Kuma ba a buɗe shi a gaban wanda ya kawo, saboda kunya. A wannan unguwa kuwa, gidan da ya saba mayar da kwano fanko, tashinsa ake yi.

Yaɗiya tana fita nema. Kariya ba ruwanta da komai sai kwalliya, ko ganye ba ta damu da shi ba, ita dai fure. Saboda haka aka bar wa Tumfafiya zancen kwanuka. Ita kuwa rowa gare ta, ga son a ce ta yi. Tana da wani ɗan zaman banza, Babe, ƙaton fara, kullum yana maƙale a kafaɗarta.

Ran nan Akuya ta aiko da nono. Tumfafiya da Babe suka shanye tas.

Tumfafiya ta ce, "To me za mu saka a kwanon?"

Babe ya ce, "Uwar ɗakina, wa yake buɗewa a gabanmu? Ɗinke ganye, ki hura."

Ta ɗinke ganye, ta cika kumatu ta hura, ya yi suntum kamar mangwaro. Babe ya kai. Akuya ta yi ta godiya. Da ta shiga ɗaki ta fasa, sai fus! Iska.

Yaɗiya ta dawo ta ji labari, ta dafe kai. Ta ce, "Ke Tumfafiya! Iska? Iska kika kai wa mutane?"

"Haba Yaya, ai ta gode."

"Ta gode kafin ta buɗe!"

Yaɗiya ta tsige ganyen jikinta, ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli, ta kai da kanta. Ta ce, "Iya Akuya, a yi haƙuri, mantuwa aka yi." Akuya ta karɓa.

Aka kwana biyu, Zabuwa ta aiko da dafaffen ƙwai. Suka lamushe.

Tumfafiya ta ce, "Yaya ta hana ni aika iska."

Babe ya ce, "Gaskiyarta. A ɗan zuba kaɗa a ciki, a hura sauran."

Ta tsinto 'yar kaɗa, wato auduga, ta cusa, ta hura. Babe ya kai. Zabuwa ta kai baki ta tsaga, kaɗa ta shige mata hanci. Ta yi atishawa har ta gaji.

Yaɗiya ta ce, "Wayyo ni! Ban ce ki daina ba?"

"Cewa kika yi ban da iska. Na sa kaɗa."

"Kaɗa miya ce? Tuwo ce? Kariya, ba za ki yi mata magana ba?"

Kariya ta ce, "Yaya, dubi furen nan, ya zauna daidai?"

Yaɗiya ta ce, "Allah Ka ba ni haƙuri da waɗannan yara." Ta tsige sauran ganyenta, ta kwaɗa, ta kai. "Maƙwabciya, mantuwa aka yi."

Zabuwa ta ce, "Gidanku dai akwai mantuwa."

Yaɗiya ta dawo tana jan jiki, ta rame ta zama kamar igiya. Ta zaunar da ƙanwarta ta ce, "Dube ni da kyau. Ba sauran ganye. In kika sake, ba ni da abin rufa mana asiri. Ko barkono ɗaya ne ki saka, ba wanda zai raina."

Tumfafiya ta ce, "Barkono ɗaya? Ni? A ce kyautata ƙarama ce?"

Sai Bushiya ta haihu. Aka aiko musu da kunun kanwa cike da ƙwarya. Ranar suna mata suka taru, kowa da abin barkarta. Yaɗiya ta je hannu rabbana, sai addu'a, ta zauna a gefe. Sai ga Tumfafiya ta shigo tana taƙama, Babe a gaba, ɗauke da ƙunshi kamar tulu. Mata suka ɗau guɗa.

Yaɗiya ta matsa kusa da Tumfafiya. Ta raɗa mata, "Me ke ciki?"

"Yaya, ki bar ni mana. Wa zai buɗe a cikin taro?"

Ba wanda ya buɗe kuwa. Bushiya ce dai murna ta kama ta. Ta ce, "Duk wannan nawa ne?" Ta rungume shi da ƙarfi, ta manta da ƙayar jikinta.

Fus!

Kaɗa ta tashi sama. Ta faɗa cikin kunu, ta faɗa cikin miya, ta maƙale a gemun Akuya. Jariri ya yi atishawa. Ƙunshi ya kwanta shakaf kamar tsumma.

Akuya ta ce, "Wannan ma mantuwa ce?"

Zabuwa ta ce, "A tashe su! Su bar mana unguwa!"

Yaɗiya ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, sai ta ga ba ta da ko ganye ɗaya da za ta ɗora a kan haƙurin. Ta ce, "Ba mantuwa ba ce. Tun farko ma ba mantuwa ba ce. Na gaji."

Akuya ta dube ta, ta ga yadda ta ƙare. Ta ce, "Ke mun ci kwaɗonki, mun san daga jikin wa ya fito. Jingina da dangarmu ki huta. Waccan mai furen a bar ta a ƙofar gida, ko ba komai a kalla. Amma wannan, ta kwashe iskarta."

Tumfafiya ta koma kufai, bayan gari, inda ba mai aiko mata da kwano. Don baƙin ciki ruwan jikinta ya zama guba, shi ya sa nake hana ku taɓa shi ku taɓa ido. Babe ya bi ta, da ya rasa nono da ƙwai sai ya koma cin ganyenta, har ya zama ba mai suyarsa. Yaɗiya ganyenta ya dawo, amma har yau ba ta iya tsayuwa sai ta dafa danga. Ita kuwa Tumfafiya ba ta daddara ba. Ku je ku matsa ɗanta ku gani, iska ce da kaɗa.

Ku dai, in za ku ba mutum abu, ku ba shi na gaske ko da kaɗan ne. Allah Yana ganin cikin kwano tun ba a buɗe ba.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Ba don ku ba da ban yi wa Tumfafiya tone-tone ba. A tashi a wanke kwanukan nan, na mutane ne.