Yarima Bagudu da Darar Aljanu

A wani zamani mai nisa an yi Sarki Jatau na Birnin Ƙarfe, mai zafin nama, maƙiyin zaman banza, wanda ya hana dara da langa da kiɗa a ƙasarsa, don masanan fadarsa sun tabbatar masa wasa ɓarawon lokaci ne. Rumbuna suka cika maƙil, fuskoki suka bushe ƙayau, shi kansa sarki barci ya ƙaurace masa har ya rame ya lalace.

Ɗansa Bagudu, sadauki gagara-gasa, ya ɗauki takobi ya tafi neman magani. Ya keta dajin da itatuwansa ke kuka, ya haye kogin narkakkiyar dalma, ya isa fadar Darmaƙusu sarkin aljanu, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, mahaifina na bakin mutuwa. Wane dodo zan kashe a ba ni magani?"

"Dodanninmu na hutawa, samari," in ji Darmaƙusu. "Zauna mu yi dara."

"In na ci, mene ne ladana?"

"Babu."

Bagudu ya haɗa gira, ya yi gumi sharkaf, ya cinye wasan. Sarkin aljanu ya girgiza kai. "Wannan noma ka yi, ba wasa ba. Sake."

Ya yi ta ci, ana ta cewa ya sake, har gemunsa ya yi tsawo, hankalinsa na can gida. Rannan kakar sarkin, tsohuwar aljana mai haƙori ɗaya, ta karɓi wasan, ta sace masa 'ya'yan dara ƙiri-ƙiri tana yi masa gwalo. Bagudu ya tuntsure da dariya har takobinsa ya faɗi.

"Ka samu maganin," in ji Darmaƙusu. "Tashi ka kai masa."

Ya tarar da uban da sauran numfashi. Ya tona gurabun dara a gaban gado, suka buga, ya cinye uban.

"Ka cuce ni, ɗan nema! Sake!" in ji sarki, ya tashi zaune.

Kafin la'asar yana minshari. Da ya farka sai ya ɗage dokar, ya cire rawani ya ɗora wa ɗansa, don kada shari'a ta riƙa katse masa wasa.

Haka Bagudu ya hau gadon mulki, ya yi adalci, ƙasa ta yi albarka. Daga zauren shari'a yakan jiyo tsohon a gindin tsamiya yana rantsuwa ba shi ya motsa ɗan dara ba, amma shi bai ƙara samun sukunin zama ko sau ɗaya ba. Allah Ya ba mu hutu mai amfani.