Keken Malam Tanimu Mai Giya Bakwai

Ku matso, ku da kuke ganin kun iya raba gardama, yau zan ga iyakarku.

A ƙauyenmu na bayan rafi an yi wani dattijo, Malam Tanimu, wanda ɗansa ya aiko masa da keke mai giya bakwai daga birni. Tsoron kada ya lalace ya sa Malam ya naɗe hannun giyar da tsumma, ya hana kowa taɓawa. Shekara huɗu keken na kan giya mafi nauyi, in an zo hawa sai ya sauka ya tura. Mun yi masa dariya har mun gaji.

Wata safiya da damina, kububuwa ta sare shi a gona. Allurar dafin tana wurin malamin asibiti a gari, bayan tudu biyu. Rafi ya cika, babur ba ya ƙetarewa, amma keke ana iya ɗora shi a ka. Aka jawo keken, sai ga tayar baya a kwance.

Matarsa Ladidi ba ta tsaya kuka ba. Dama ta sha ganin yadda Malam yake ɓalle taya da sukuddireba yana ƙara huda tub ɗin da ke ciki. Ta ɗauko cokula biyu, ta ɓalle tayar da gindinsu, ta tsoma tub a kwanon ruwa har kumfa ya nuna hujin. Ta yi faci, sannan ta shafa cikin tayar da yatsa ta zaro ƙayar da ta yi ɓarnar. Da ba ta shafa ba, da ba a kai rafi ba iska ta sake fita.

Ƙaninsa Jatau, mai injin niƙa, ya warware tsumman ya tarar wayar giya ta yi tsatsa, sarƙa ta ƙi motsi. Malam yana kwance yana gumi, ya ɗago kai.

"Jatau, kada ka taɓa mini wannan wurin."

"Yaya, ka warke tukuna ka yi mini faɗa," in ji Jatau.

Ya ɗiga man inji, ya ɗaure wayar, yana juya feda da hannu yana saurare, har sarƙa ta riƙa hawa haƙora ɗaya bayan ɗaya ba ta zamewa.

Abokin Malam, Barmo, wanda furfura ta riga ta cika masa gemu, shi ya ɗora keken a ka ya shiga ruwan da ya kai masa ƙirji. Ya je ya goyo malamin asibiti, mutum mai jiki, ya haye tudun biyu da shi, yana sauya giya tun kafin hawa ya kama shi. Ya sake ƙetare rafin, ya iso da malamin asibitin. Ni da idona na ga ya zube a ƙofar gida, kuma har yau ina jinjina masa.

Malamin asibiti ya ce da an ƙara awa guda, da allurar ba ta yi amfani ba.

Malam Tanimu ya tashi, amma ƙafar ba ta ƙara taka feda ba. Ya ce zai ba da keken ga wanda ya ceci ransa, sai dai ya rasa wanda zai miƙa wa.

To, ku faɗa mini: tsakanin Ladidi da Jatau da Barmo, a ƙofar wa ya kamata a jingine keken nan?