Bidiyon da Abdulnasir Ya Yanke

Akwai wani matashi a garin Kabo, sunansa Abdulnasir. Ɗan gidan malamai ne, amma shi karatu bai riƙe shi ba, waya ce ta ɗauke masa hankali. Yana da 'yar rumfar caji da gyaran waya a bakin tasha, kuma yana da shafi a Fesbuk inda yake rubutu kan halin da talaka yake ciki.

Rubutun nasa ba laifi, sai dai masu karantawa ba su taka kara sun karya ba. Wannan abu yana cin sa a rai. Kullum yana ganin waɗanda ba su kai shi iya magana ba suna tara mabiya, shi kuwa sai abokan unguwa.

Lokacin da abin ya faru, an cire tallafin mai, kuɗin mota ya yi tashin da mutane suka koma tafiyar ƙasa. Direbobi suna wuni a tasha kafin su cika sawu ɗaya.

Wata ranar kasuwa Abdulnasir ya taso daga Gwarzo a motar wani direba mai suna Zailani. A kujerar gaba akwai wata tsohuwa 'yar garin Jama'a, ana ce mata Gwamma. Ciwon suga da hawan jini sun sa ta a gaba, ɗanta ya sako ta a mota, ya roƙi Zailani ya miƙa ta hannun 'yarta a Kabo don a kai ta asibiti.

Kafin su kai Gude suka tarar da shingen 'yan sanda. Wani kofur mai suna Jalo ya ɗaga musu hannu. Duk direban da ke bin hanyar ya san Jalo, kuma ba wanda yake ambaton sunansa da alheri.

Ya leƙo ta taga ya ce, "Direba, yaya? Haka za ka wuce ba gaisuwa?"

Zailani ya ce, "Yallaɓai, wallahi sawun farko ke nan tun safe, ko na mai bai fita ba. Ka yi haƙuri, in na juyo zan gan ka."

"Au, ciniki ma za ka yi da ni?"

Kafin Zailani ya sake buɗe baki, Jalo ya zura hannu ya zare makullin motar, ya wulwula shi ya cilla cikin gonar dawar da ke gefen titi. Ya daka tsawa ya ce kowa ya sauka.

"Yallaɓai, don girman Allah, akwai marar lafiya a motar nan."

Gindin bindiga Jalo ya ɗora masa a baki. Jini ya ɓalle, ya wanke masa gaban riga.

Aka jera fasinjoji a tsakiyar rana, kwalta tana huci. Gwamma ta daure iya daurewa, sannan ta lallaɓa ta dafa hannun Jalo ta ce, "Ɗana, bar ni in zauna a inuwa, jiri nake gani."

Ya ce, "Ni ba ɗanki ba ne." Ya fizge hannunsa da ƙarfi. Tsohuwa ta yi taga-taga ta faɗi, kanta ya bugi gefen kwalta. Ko waiwayarta bai yi ba, ya tsallaka ɗaya hannun titin ya tare wata babbar mota.

Duk wannan abu a gaban Abdulnasir aka yi. Wayarsa tana aljihu, hannunsa yana kanta, amma tsoron Jalo ya hana shi fito da ita. Sai da ya ga Jalo ya yi nisa sannan ya zaro ta a ɓoye ya fara ɗauka.

A daidai nan ne shugaban shingen ya iso a guje. Sajan Hammadu ke nan, dattijo mutumin Madadi, wanda ya kusa ajiye aiki. Yana can gindin wata ɗorawa yana sallar azahar ya ji ihu. Ba zan ce muku waliyyi ne ba, in direba ya miƙa masa na goro yana karɓa. Amma ba a taɓa jin ya ɗaga hannu ya doki wani ba, kuma shi kaɗai ne Jalo yake shakka.

Ya kutsa cikin mutane, bindiga a kafaɗa, yana ture su yana cewa, "Ku matsa! Ku matsa na ce, ku ba ta iska!" Ya durƙusa ya sungumi Gwamma, ya sa ta a motarsu ta aiki, ya ja da kansa zuwa asibiti. Kafin la'asar rai ya yi halinsa.

Da yamma Abdulnasir ya zauna a rumfarsa ya kalli abin da ya ɗauka. Babu Jalo a ciki ko inuwarsa. Abin da ke ciki shi ne tsohuwa a kwance, direba jina-jina, ga ɗan sanda tsaye a kansu yana tsawa yana ture mutane, sunansa ɓaro-ɓaro a ƙirjin rigarsa. Daga nan sai wurin da ya durƙusa ya ɗauke ta.

Ya maimaita kallo ya fi a ƙirga. Zuciyarsa ta ce masa, in ya saka shi duka, wa zai tsaya kallon ɗan sanda yana taimako? Ya ce a ransa, ai duk kakinsu ɗaya, duk halinsu ɗaya. Ya sa yatsa ya yanke ƙarshen. Ya rubuta a sama: "Ku kalli fuskar ɗan sandan da ya kashe tsohuwa a hanyar Gude."

Kafin gari ya waye bidiyon ya zaga Kano, ya tsallaka Katsina. Mabiya suka riƙa shigowa kamar an buɗe ƙofa. Ana kiran sa gwarzo, ana sa masa albarka. Wasu suka nemo hoton Hammadu, wasu suka rubuta unguwarsu da kwatancen gidansa.

Wata mata da ke cikin motar ta rubuta cewa ba haka aka yi ba. Aka yi mata ca da zagi, aka ce matar ɗan sanda ce, har ta goge. Zailani kuwa bakinsa a kumbure ya yi shiru, don da wannan hanyar yake ciyar da iyalinsa, kuma Jalo yana nan a kanta.

Manya suka ga ƙura ta tashi, suka dakatar da Hammadu daga aiki. Jalo ya rantse cewa shi yana ɗaya hannun, bai ga komai ba.

Ana cikin haka wata safiya wani dattijo ya yi sallama a rumfar Abdulnasir, cikin tsohuwar jallabiya. Sai da suka gaisa sannan ya gane shi.

Hammadu ya ce, "Yaro, kana wurin nan. Ka ga wanda ya yi, ka ga abin da na yi. Ban ce ka goge ba, ban ce ka ambaci sunan kowa ba. Sauran kawai nake roƙo ka saka, mutane su gani."

Abdulnasir ya gyara zama ya ce, "Baba, ni abin da waya ta ɗauka na saka."

"An jefi gidana da duwatsu. Iyalina ba sa iya fita ɗiban ruwa. Ka ji tsoron Allah, kai ɗan malamai ne, ka san hukuncin shaidar zur."

"In kana da ƙorafi ka tafi kotu."

Dattijo ya juya zai tafi. Yana juyawa Abdulnasir ya ɗauki hoton bayansa, ya saka a shafi ya rubuta: "Ya biyo ni har rumfa yana yi mini barazana. In wani abu ya same ni kun san wanda za ku kama."

Wannan rubutu shi ya ƙarasa Hammadu. Aka kore shi daga aiki, haƙƙinsa na shekara da shekaru ya bi ruwa. Dangin saurayin 'yarsa Najwa suka aiko cewa sun fasa, ba za su haɗa zuri'a da mai kisa ba. Wata Juma'a bayan an idar da salla Hammadu ya miƙa wa maƙwabcinsa hannu, mutumin ya kau da kai ya tashi. Hammadu bai kai gida ba ya yanke jiki ya faɗi. Ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya karye.

Labarin ya iso wa Abdulnasir. Ya ci gaba da duba wayarsa. A lokacin ya zama abin kwatance, 'yan siyasa suna gayyatar sa taro, har ya sayi sabon babur.

A kan wannan babur ne, bayan an yi girbi, ya sake biyo hanyar. Shingen yana nan, sai dai yanzu Jalo ne mai faɗa a ji.

Jalo ya tsayar da shi, ya ƙare masa kallo, ya yi dariya. "A'a, ga mai shafi! Ai ina neman ka in yi godiya. Tsohon nan ya daɗe yana hana ni sakat, kai ka cire mini shi."

Abdulnasir ya yi yaƙe ya ce, "Yallaɓai, sauri nake yi."

"Kawo wayar. Na ji an ce akwai sauran bidiyo, ban sani ba ko ina ciki."

"Wallahi ba ka ciki."

Mari ya ɗauke shi daga kan babur. Jalo ya ƙwace wayar, ya ajiye ta a kwalta, ya sa takalmi ya murƙushe ta har ta zama gari. Sannan ya sa shi tsallen kwaɗo a gefen titi, in ya faɗi a tashe shi da ƙafa. Motoci suna wucewa, fasinjoji suna leƙe, babu wanda ya tsaya. Sauran 'yan sandan suka juya baya. Yana kwance cikin ƙasa, haƙarƙari ya karye, yana ta kallon gindin bishiyoyi ko wani zai taso ya ce a bari. Ba wanda ya taso.

Da ya samu sauƙi ya ari waya ya rubuta gaskiya daga farko har ƙarshe. Amma cikakken bidiyon yana cikin wayar da aka farfasa, bai taɓa tura wa kowa ba. Mutane kaɗan ne suka karanta. Cikinsu wani ya ce, "Nawa suka ba ka?" Wani ya ce, "Mu dai mun gani da idonmu." Waɗanda suka yaɗa na farkon sun riga sun koma kan wani sabon labari.

Ya shirya ya tafi Madadi. Matar Hammadu, Uwaliya, ita ta amsa sallamarsa. Da ya faɗi sunansa ba ta zage shi ba, ta ce ya shigo.

Hammadu yana kwance a tabarma a zaure, ya rame, baki ya karkace, yawu yana zuba a gefe. Abdulnasir ya zube a gabansa yana kuka. "Baba, na zalunce ka. Don Allah ka yafe mini."

Dattijo ya zuba masa ido. Leɓensa ya yi ta rawa, wani sauti ya fito wanda ba a gane ko mene ne ba, hawaye ya gangaro masa zuwa kunne.

Abdulnasir ya juya ga Uwaliya. "Inna, me ya ce? Ya ce ya yafe?"

Ta sa gefen mayafinta ta goge wa mijinta baki, ta ce, "Ni ma da nake kwana da tashi da shi ban san me yake cewa ba. Ni ba zan ara masa baki ba. Ranar da ya zo maka da ƙafarsa yana da harshe, ka kore shi. Tashi ka tafi, ku haɗu a inda kowa zai yi magana."

Darasi: Zaluncin da ake yi a kan hanya gaskiya ne, kuma wajibi ne a fallasa shi. Amma rabin gaskiya ƙarya ce, kuma takan bar azzalumi ta kashe mai kirki. Kafin ka danna ka yaɗa hoto ko bidiyon wani, ka bincika, don yatsanka ma za a tambaye shi ranar gobe, kuma mutuncin da ka zubar ba ka da ikon kwashe shi. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan, musamman masu saurin yaɗa duk abin da ya faɗo wayarsu.