Gidaje Goma Sha Ɗaya a Tsakiyar Tafki

Akwai wata mata da ke aiki a wani ofishin bincike, irin waɗanda ke tura ma'aikata gida-gida da waya a hannu suna yi wa mutane tambayoyi. Ita ba ta fita. Teburinta yana can lungu kusa da injin buga takardu. Aikinta ta duba amsoshin da aka kawo, in ta gamsu ta sa hannu, sannan a rubuta rahoto.

Binciken wannan karon na mata masu juna biyu ne: tafiyar minti nawa ce tsakaninsu da asibiti. Da sakamakonsa za a zaɓi unguwar da za a gina wa ƙaramin asibiti.

Duk fom ɗin da aka cike, wayar tana riƙe wurin da aka tsaya aka cike shi. Da can ba wanda ya damu da wannan. Ita ce ta fara ɗora wuraren a kan taswirar intanet, wadda ke nuna rufin gidaje daga sama, kowane fom ya fito ɗigo ja. Tun daga nan aka laƙaba mata Mai Ɗigo, kuma ba don ƙauna ba.

Wanda ya raɗa sunan shi ne shugaban masu fita, ana ce masa Tsohon Hannu. Shekara ashirin yana aikin, ga shi yayan matar manaja. Yana da taswirarsa ta takarda, duk ta sha liƙi, da ita yake raba wa mutanensa unguwanni.

Ranar Litinin Mai Ɗigo ta buɗe kwamfuta, ta duba taswirar. Ɗigo arba'in sun taru a kan rufin gidan mai guda ɗaya. Goma sha ɗaya suna tsakiyar tafki. Bayan layin dogo kuwa ga rufi sun fi ɗari uku, babu ɗigo ko ɗaya.

Ba ta so ta tona masa asiri. Ta jira ya rage shi kaɗai a teburinsa, ta je ta gaishe shi, ta gaya masa a hankali.

Ai kuwa sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ku zo ku ji, Mai Ɗigo ta gano muna hira da kifi. Ke da takalminki bai taɓa sanin rana ba, ke ce za ki koya mini hanya?"

Aka kwashe da dariya. Ya ce waya ce ke kuskure, bayan layin dogo kuma gonaki ne, ya san wurin tun ba ta iya ɗaura zani ba.

Daga ranar ofis ya juya mata baya. In ta yi sallama, sai a amsa a ciki. Wata da suke cin abincin rana tare ta kwashe kwanonta ta koma wani tebur. Har kifi aka zana a takarda aka manna mata a kujera.

Manaja ya kira ta, fuska a ɗaure. Ya ce waɗanda suka ba su aikin suna jiran rahoto, ba zai zubar da mutuncin ofis saboda ɗige-ɗige ba. Ko ta sa hannu kafin Alhamis, ko ta ajiye makullin tebur ta kama gabanta.

A gida maigidanta ya ce ba zai tilasta ta ba, amma ta tuna ba a samun aiki a kan titi. Mahaifiyarta tana ninke wanki, ba ta ko ɗago ba, ta tambaye ta abu ɗaya: sa hannun nan shaida ce ko ba shaida ba ce? Ta ce shaida ce. Tsohuwar ta ci gaba da ninkinta.

Ranar Laraba bayan ta idar da azahar, ta ƙwanƙwasa ƙofar manaja.

"Ranka ya daɗe, awa ɗaya nake roƙo a motarka. In gonaki ne, ga makullin, ba sai an kai gobe ba."

Ya yarda, don dai a rufe mata baki. Tsohon Hannu ya shige gaba da taswirarsa a cinya, yana sakin tsaki duk hanya.

Sai da suka yi dogon zagaye kafin su sami mahaɗar da mota ke tsallake layin dogo. Suna tsallakawa tsakin ya ɗauke. Gidaje ne jere, wasu ko fenti babu, ga shanya a igiya, ga shagon ɗinki, ga mata a layin famfo.

Wata dattijuwa ungozoma ta leƙo ta ga baƙi. Manaja ya tambaye ta ko masu bincike sun zo. Ta ce shekararta tara a nan, ba wanda ya taɓa tambayarsu ko sunansu. Asibiti kuwa sai an yi wannan zagayen, shi ya sa haihuwa da yawa a hannunta take ƙarewa, mai sauƙi da mai wuya.

A hanyar dawowa gaskiya ta fito guntu-guntu. Gidajen da ke tsohuwar taswira ba su cika adadin da ake nema ba, sai mutanen Tsohon Hannu suka riƙa tare masu wucewa a gidan mai. Sauran kuma a inuwar bakin tafki aka zauna aka cike su da ka, wayar ta ɗan goce ta jefa ɗigonsu cikin ruwa.

"Yaya," in ji manaja, bai ko dube shi ba, "daga yau ba kai ke raba unguwanni ba."

Ya ce za a sake binciken, sannan ya tambayi Mai Ɗigo ko a sallami Tsohon Hannu gaba ɗaya. Zanen kifin nan ya faɗo mata a rai, amma ta kawar da shi. Ta ce a bar shi. Duk ofishin babu wanda masu gida ke buɗe wa ƙofa kamarsa, kuma aikin bayan layin dogo yana buƙatar irinsa.

"Ban roƙe ki ba," in ji Tsohon Hannu.

"Na sani. Gobe ƙarfe takwas ka zo ka karɓi jerin gidajenka."

Ya zo ya karɓa, ba gaisuwa ba godiya. Mako uku yana taka unguwar a ƙafa, ita kuma tana lungunta tana kallon ɗigo suna hawa rufi ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na ƙarshe ya hau, ta jawo rahoton, ta yi bismillah, ta sa hannu.

Darasi: Daɗewa a aiki ba ta hana mutum kuskure, girman kai ne ke hana shi gyarawa. Kada ka sa hannu a kan abin da ka san ba gaskiya ba ne, ko da kowa ya juya maka baya, don akwai bayin Allah da ba ka gani waɗanda shaidarka za ta shafa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu riƙe da amanar aiki.