Baƙuwar da Ta Ƙi Cin Tuwon Damaris

Malaminmu, Allah Ya ƙara masa yarda, kogin ilimi ne, waliyyi mai tsantseni, wanda bai taɓa ɗaga wa mahaluki murya ba. Hausa da Larabci kaɗai yake ji, kuma duk Kafanchan an san haka.

Wata damina motar kaya ta sauke wata tsohuwa marar lafiya a tasha, ba a san daga wace ƙasa ta fito ba. Damaris, Kirista mai sayar da citta, ta kai ta gidanta. Ta ajiye mata tuwon acca, ta fita ta ja ƙofa, yadda aka koya mana, don kada baƙo ya ji kunyar ci. Kwana uku tsohuwar ba ta taɓa kwanon ba, sai kuka, har ta kasa zama.

Damaris ta kira 'yan ƙabilun Bajju, Atyap, Jaba, Fulani da Ibo, har da wani tela mai jin Faransanci. Kowa ya gwada harshensa, ba wanda ya gane kalma ɗaya. Sai ta ɗaure zani ta tafi zauren Shehi, malamin namu.

"Baba Malam, matan nan zai mutu a ɗakina. Ni ba addininku nake ba, amma ka zo."

"Baƙo na Allah ne, 'yata. Mu je."

Ya yi nafila raka'a biyu a tsakar gidan, ya zauna bakin ƙofa ya saurara. Can sai ga Shehi, hasken zamani, yana ba tsohuwar amsa da harshenta, ita kuwa tana zuba zance kamar ta ga ɗan'uwanta.

Ya juyo ya ce wa Damaris, "A ƙasarsu, matacce ake ajiye wa abinci a juya baya. Ta ɗauka kin fid da rai da ita. Sa hannu ku ci tare."

Damaris ta durƙusa tana hawaye, ta yanki loma. Tsohuwar ta miƙo hannu, suka cinye kwanon tas.

Daga baya aka roƙe shi ya maimaita ko kalma ɗaya, ya ce, "Mai harsunan ne Ya ara mini, ya kuma karɓi abinSa."

Masu taƙama da Turanci biyu da rabi, ku ji tsoron Allah. Tsarki ya tabbata ga Wanda Yake jin kowane harshe. Ya Ubangiji, Ka ɗaukaka darajar bawanKa, Ka yayyafa mana albarkarsa, mu da maƙwabtanmu. Amin.