Katin da Ya Saura a Cikin Kyamara

An ce wai a wani birni na ƙasar Hausa akwai wani layi a cikin babbar kasuwa, inda ba a sayar da komai sai kyamarori da rediyon mota da sifiku da ƙananan talabijin ɗin nan da ake maƙalawa a gaban direba. Mutanen layin suna da wata al'ada da suka riƙe kamar farilla: kaya ba ya barin hannu ya shiga wani hannu sai an kunna shi a gaban shaida. Ko saye ne, ko musaya, ko mayarwa, sai an jona, an gani da ido, an ji da kunne, wani na uku ya ce kaya lafiya. Sun ɗauki wannan hanya ne domin yawancin kayansu na hannu ne, kuma sun gaji da rantse-rantse.

Dattijon layin, wanda ake kai wa ƙara idan magana ta ƙi ƙarewa, shi ne Malam Ilu. Da gyaran rediyo ya fara a gindin wata bishiya, tun layin bai zama layi ba, har hayaƙin dalma ya rage masa gani. Mutum ne mai jinkirin amsa. Idan aka kawo masa rigima yakan daɗe yana kallon ƙasa, har masu rigimar su fara jin kunyar ihunsu.

Wata rana da hantsi aka shigo masa rumfa da mutum uku, jama'a na biye. Na farko Ɗan'azumi ne, mai shago a layin. Na biyu wani mai ɗaukar hoton biki ne, Tanimu, ya rungume kyamara a ƙirji. Na uku Alhaji Lawandi, ɗan kasuwar yadi, babbar rigarsa ta jiƙe da gumi.

Ɗan'azumi ya yi bayani. Kwana huɗu da suka wuce Alhaji Lawandi ya kawo wannan kyamara ya yi musayarta da talabijin ɗin mota da sifiku, aka gwada, aka ɗaura masa a motarsa. Jiya Tanimu ya zo neman kyamara, ya zaga shago shida yana ɗagawa yana ajiyewa, daga ƙarshe ya sayi wannan. Da ya je gida ya buɗe ta, sai ya tarar irin mai gurbin kati biyu ce, wadda duk abin da ta ɗauka take ajiyewa a duka biyun. Alhaji ya cire na sama kafin ya kawo ta, bai san da na ƙasa ba.

"Yau da safe Tanimu ya dawo yana tambayata wa ya kawo ta," in ji Ɗan'azumi. "Ni kuma, Baba, da na ɗauka abin arziki ne, na buga wa Alhaji waya. Ashe wuta na kira wa kaina."

Alhaji Lawandi ya ce, "Malam, ni kyamara na bayar, ban bayar da gidana ba. Abin da ke cikin katin nan sirrin gidanmu ne. A ba ni abuna in tafi."

Tanimu ya ce, "A ba ka ka je ka goge? Wallahi Alhaji sai dai a kai ni caji ofis."

"Kai wane ne da za ka gaya min abin da zan yi da kayana? Mai hoton amare!"

"Mai hoton amaren dai ya ga abin da ya gani."

Malam Ilu ya ɗaga hannu. Ya sa aka kori 'yan kallo, ya karɓi katin ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya ce kowa ya fita sai Tanimu.

Da suka rage su biyu, Tanimu ya sauke murya. Ya ce akwai hotunan iyali a ciki, mata da yara, waɗannan bai tsaya kallonsu ba. Amma akwai bidiyo guda: wani tsoho a kwance a gadon jinya, numfashi na yi masa wuya, yana kiran wani ɗansa mai suna Nafi'u. Yana cewa ya yafe masa duniya da lahira, maganar da ya faɗa masa a cikin fushi ya janye ta, ya dawo gida. A ƙarshe ya ce wa mai riƙe da kyamarar, Lawandi, ka kai masa wannan.

Malam Ilu ya ce, "Ka kalla har ƙarshe ke nan."

"Na kalla, Baba."

"Da ka ji ba da kai ake ba, me ya hana ka kashewa?"

Tanimu ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Mahaifina ya rasu ina kan hanyar wani biki a kudu. Ko kalma ɗaya bai bar min ba. Da na ji tsohon nan, hannuna ya kasa kaiwa ga maɓallin. Baba, wanda ya ga yadda Alhaji ya shigo yau ya san saƙon nan bai isa inda aka aike shi ba."

Malam Ilu ya sallame shi, ya kira Alhaji Lawandi. Bai tambaye shi komai ba, tabarma kawai ya nuna masa. Suka zauna, sifikun layi na ta kaɗawa a waje, har Alhajin ya fara magana don kansa.

Ya ce Nafi'u ƙanensa ne. Shekara takwas da suka wuce ya ƙi zaman shagon yadin mahaifinsu, ya ce shi tuƙin babbar mota zai yi, har ya ɗaga wa tsohon murya a gaban baƙi. Tsohon ya ce kada ya sake taka masa ƙofar gida. Bai sake takawa ba. Ranar jana'iza ma a sahun ƙarshe ya tsaya, ya tafi kafin a fara gaisuwa.

"Shekara uku yana kwance, Malam," in ji Alhaji Lawandi. "Ni nake ɗaga shi, ni nake masa wanka, ni nake juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Na bar kasuwa, na bar barci. Ranar da ya ji ƙarshe ya zo, ya ce in ɗauko kyamara. Na ɗauka zai ce Allah ya yi min albarka, in ajiye wa 'ya'yana su gani. Sai ya buɗe baki ya ce Nafi'u. Tun daga farko har ƙarshe, Nafi'u. Ni sunana sau ɗaya ya fito, shi ma don a aike ni. Na ce gobe zan kai, goben ta zama shekara biyu. Da zan rabu da kyamarar na cire katin na karya shi, na ce magana ta ƙare. Ashe ba ta ƙare ba."

Malam Ilu ya ce, "Ka je ka yi azahar. Bayan salla zan faɗi abin da na gani."

A masallaci Malam Ilu ya daɗe bayan an watse, yana juya maganar. Idan ya ba Tanimu katin ya kai wa Nafi'u, saƙo zai isa, amma zai isa ta hannun bare. Ƙanen zai ji yafiyar uba da cin amanar wa a zama ɗaya, kuma da wuya 'yan'uwan nan su sake haɗa kwano. Bayan haka, duk wanda ya kawo kaya layin zai san ana iya buɗe cikin gidansa a kasuwa. Idan kuma ya ba Lawandi katin ya ce Allah ya kiyaye hanya, to kafin la'asar an karya shi kamar na farko, wani bawan Allah ya ci gaba da tuƙi a kan hanyoyi yana ganin ubansa ya shiga kabari da fushinsa. Shi kuwa Malam Ilu ba alƙali ba ne, ba shi da ɗan sanda, ba shi da kurkuku. Abin da yake da shi kawai al'adar layin ce.

Da ya dawo rumfa ya tara su ukun, da dattawan layi biyu.

Ya ce, "Tanimu, ka sayi kyamara, taka ce. Abin da ke cikin katin ba a sayar maka ba, domin mai shi bai san yana ciki ba, kuma ba a cinikin abin da ba a sani ba. Ɗan'azumi zai ba ka sabon kati, tunda shi ne bai duba gurbi na biyu ba. Abin da ka gani kuma, ya tsaya a cikinka. Kati na Alhaji Lawandi ne."

Tanimu ya zabura zai yi magana, wani dattijo ya riƙe masa hannu. Alhaji Lawandi ya miƙo tafin hannu.

Malam Ilu bai kai hannu aljihu ba. Ya ce, "Sai dai, Alhaji, ka san dokar layin nan, da ita aka ɗaura maka kayan motarka. Ba ma miƙa kaya sai an kunna a gaban shaida. Katin nan ya kwana a hannun wani; gobe kada a ce an rage wani abu, ko an lalata. Dole a kunna shi daga farko har ƙarshe."

"A nan? A gaban mutanen nan?"

"A'a. Ka ce sirrin gida ne, kuma na yarda da kai. Don haka ni ba zan zama shaida ba, babu kuma wani ɗan layin nan da zai zama. Shaida sai daga gidanku, wanda kunnensa ya halatta ya ji. Zaɓi naka ne. Ka kira baffanku, ko mahaifiyarku, ko wata cikin 'yan'uwanku mata, duk wanda ka ga dama. Idan yau bai yiwu ba, kati yana akwatina, ba mai taɓa shi, har ranar da ka zo da shaidarka."

Malam Ilu yana kallon fuskar Alhajin, yana ganin yadda yake bin mutanen gidansu ɗaya bayan ɗaya a zuci. Baffa zai ji, ya tara dangi. Mahaifiya za ta ji, ta san shekara biyu tana kukan ɗan da aka riga aka yafe wa. Duk wanda ya kira, sai ya tashi daga wurin ya nufi Nafi'u da labari, labarin kuma ya fi muni a bakin wani. Mutum ɗaya ne a duk gidan wanda idan ya ji, saƙon ya isa, ba sauran inda za a kai shi.

Alhaji Lawandi ya sauke hannunsa. Ya ce, "Malam, ka ɗaure ni."

"Ban ɗaure ka ba. Aiken da aka yi maka ne yake nan inda ka ajiye shi."

Alhaji Lawandi ya ciro wayarsa ya danna. Da aka ɗauka ya ce, "Nafi'u, ni ne. Kana gari? Ka zo kasuwa, layin masu rediyon mota. A'a, ba wanda ya rasu. Ka zo kawai."

Gab da la'asar Nafi'u ya iso daga tashar manyan motoci, dogo, siriri, da baƙin mai a gefen riga. Ya durƙusa ya gaida dattawa, ya ce wa wansa, "Yaya, ga ni," bai ɗaga ido ba.

Malam Ilu ya ce masa, "Ɗana, shaida muke nema a kan wani kaya. Ku shiga motar yayanka, ku ɗaga gilasai. Shi zai kunna, kai ka saurara har ƙarshe, sannan ka fito ka gaya min ko kaya lafiya."

Ya rako su har bakin motar, ya sa katin a gurbin talabijin ɗin da hannunsa, ya rufe musu ƙofa. Da ya ga 'yan layi sun fara matsowa suna miƙa wuya, sai ya aika a gaya wa kowane shago ya ƙara muryar sifikarsa. Nan take layin ya ɗauki ƙara, wannan wa'azi, wancan kiɗa, wani labarai, har ba mai jin maganar na kusa da shi. Shi kuma ya juya wa motar baya ya tsaya, kamar mai gadin ƙofa.

Bidiyon bai kai minti biyar ba, in ji Tanimu, amma sai da aka kira la'asar aka idar ƙofar ba ta buɗe ba. Abin da suka faɗa wa juna a ciki, ba wanda ya sani. Daga baya Nafi'u ya fito, idanunsa jajur, ya zo gaban Malam Ilu ya durƙusa.

Malam Ilu ya yi masa tambayar da ake yi wa kowane shaida a layin. "Kaya lafiya?"

Nafi'u ya share ido. Ya ce, "Lafiya, Baba. Ya iso duka."

"To kati na yayanka ne. Ya yi yadda ya so da shi."

Alhaji Lawandi ya zare katin, ya fito, ya tsaya yana kallonsa a tafin hannu. Sannan ya kama hannun ƙanensa ya sa masa, ya naɗe yatsunsa a kai. Ya ce, "Hajiya tana gida," yana nufin mahaifiyarsu. Ya nufi wajen tuƙi, amma makulli ya suɓuce masa ya faɗi ƙasa. Nafi'u ya tsince shi, ya ce, "Yaya, zaga can, ni zan ja."

Ko zukatansu sun wanke a ranar, ko sai da aka ɗauki shekaru, masu ba da labarin ba su faɗa ba, kuma mai yiwuwa ba su sani ba. Abin da suka riƙe shi ne wannan: wanda ya ƙwace gaskiya daga hannun mai ɓoye ta ya ceci mutum ɗaya, wanda ya bar masa hanyar da zai miƙa ta da hannunsa ya ceci mutum biyu.